Bayan An Ɗauke Ruwa

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, zauna ka ba ni aron hankalinka, domin maganar nan ta damina ce, ba za ta jira kaka ba. Na san kai ba malalaci ba ne. Duk inda aka ce ga aikin jika biyu ko uku, ɗiban yashi ne a bakin kwari, ko haƙar ƙasar tubali, ko yasar rijiyar lambu a fadamun Dungu da Ɗan Barto inda ake noman rake, kai da abokanka kuna gaba da amalankenku, kuma ina alfahari da haka, saboda guminku ne ke ɗora tukunya a gidaje da yawa na Matameye. Ba hana ka nema zan yi ba. Abu guda nake so ka riƙe, ƙasar da ka sani jiya ba ita za ka tarar ba bayan ta kwana tana shan ruwa, ko da idonka ya rantse maka cewa ita ce.

In hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, aka fara sheƙa ruwa, babu mai bukatar nasiha, kowa ya san ya nemi mafaka. Washegari ne ake yin asarar da take ba ni tsoro. Gari ya waye tas, rana ta fito, iska mai sanyi tana kaɗawa, zuciya ta yi fari, ga kwari ya kawo sabon yashi irin wanda magina ke so, ga ƙasa ta yi taushi diga na shiga ba wahala, saboda haka kowa na sauri ya riga ɗan'uwansa. A wannan safiyar, da wadda ke bi mata, gaɓa take zaftarewa, rami yake ruftawa, bangon da ya jure dukan ruwa dukan dare ya zo ya kwanta da hantsi. Sama ta gama nata aikin, amma ruwan da ta zubar bai gama nasa ba, yana can ciki yana ratsa ƙasa sannu a hankali, a inda ba ka gani.

Ka dubi yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar nan tamu ta Kance. Yawancinta jigawa ce, rairayi a sama wanda ruwa ke ratsawa nan da nan, amma a wurare da yawa in ka yi ƙasa za ka tarar da laka ko marmara wadda ba ta barin ruwa ya wuce da sauri. Saboda haka ruwan da ya nutse cikin rairayi yakan je ya taru a kanta, ya kwanta tsakanin na sama da na ƙasa, ya mai da wurin santsi, alhali na saman ya ƙara nauyi da abin da ya sha. Abu biyu ke nan suka haɗu a lokaci guda, kaya ya ƙaru, abin da ke riƙe da kayan kuma ya yi rauni. Shi kansa rairayi yana da wata ɗabi'a da take ruɗin mai haƙa. In yana da ɗan danshi, sai ka yanke shi da shebur ya tsaya cak, domin ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinsa yana riƙe su da juna. In ya sha ya ƙoshi, riƙon ya tafi, sai ya malale. In kuma rana ta busar da shi sarai, riƙon ya sake tafiya, sai ya zube, domin busasshen rairayi ba ya yarda ya tsaya a gangaren da ya wuce digiri 34 ko kusa da haka. Duk ramin da ka ga gefensa a tsaye cikin rairayi, to lokaci kawai yake jira, jiƙewa za ta kayar da shi, bushewa ma za ta kayar da shi. Laka kuwa halinta dabam ne, tana kumbura in ta jiƙe, tana darewa in ta bushe, kuma waɗannan tsagogin na rani su ne hanyoyin da ruwan farko ke bi ya shiga can ciki.

Sai kuma abin da mu da hannunmu muke ƙarawa. Ƙasa mai kyau sau da yawa a ƙarƙashi take, saboda haka mai haƙa ba ya son wahalar kwashe ta sama, sai ya riƙa ƙwaƙule gindin gaɓa yana shiga ciki, har ya zamo akwai rumfar ƙasa a bisa kansa, wani ma ya zauna a inuwarta ya sha fura. Ƙasar da aka fitar a tara ta a bakin ramin, amalanke ko kamiyo ya zo ya tsaya daf da baki domin a rage tafiya, inji na ruri, ƙasa na girgiza. A bakin kwari kuma, musamman inda ya yi kwana, ruwan daren jiya ya riga ya cinye gindin gaɓar, ka tsaya a sama ka ga wuri lafiyayye har da ciyawa, alhali babu kome a ƙarƙashin ƙafarka. Yara sun fi faɗawa wannan, domin su ne ke rugawa kallon ruwa da sassafe.

Samari sukan ce in ta zubo ai sai mutum ya yi tsalle ya fita, ko ya ture ta da kafaɗa. Ɗana, ƙasa mai faɗin mita guda, tsawon mita guda, zurfin mita guda, nauyinta yakan kai tan guda da rabi, in ta jiƙe ya fi haka. Ka ƙiyasta buhu 15 na gero, masu kilo 100, an sauke maka su a ƙirji lokaci guda. Ba sai ta rufe kai ba, in ta kama mutum zuwa ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matse shi, ya kasa jawo wani. Kuma ba ta sallama, ƙiftawar ido ce tsakanin tsayuwarta da faɗuwarta. Shi ya sa a ƙa'idar masu aikin gini na zamani, ramin da ya kai zurfin kafaɗar mutum ba a shiga sai an tokare gefensa da katako ko an kwantar da bakinsa ya yi gangare, kuma ƙasar da aka fitar ana tura ta baya da baki, taku guda ko fiye.

Kada ka ɗauka mu kaɗai aka jarraba da irin wannan. Mutanenmu da suka je Aljeriya ko Maroko sun ga yadda dusar ƙanƙara ke rufe kan duwatsu da sanyi, to a ƙasashen Turai masu manyan duwatsu wannan dusar takan zaftaro daga gangare ta binne mutane, wani lokaci har da gidaje. A ranar 23 ga Fabrairu 1999, bayan an yi makonni tana sauka, ta zaftaro a kan wani ƙauye mai suna Galtur a ƙasar Ostiriya, ta kashe mutum 31. Abin da masanansu suka gano zai yi maka kama da abin da na gaya maka yanzu. Dusar ba dunƙule guda ba ce, hawa-hawa take, kowace guguwa ta shimfiɗa nata, kuma wani hawan yakan zama mai rauni a binne a ƙarƙashi. In sabuwa ta sauka da yawa, ko iska ta kwaso ta ta jibge a gefe guda, sai kayan ya fi ƙarfin raunannen hawan, na sama ya tsage ya zamo gaba ɗaya. Gangaren da ya fi yin haka shi ne mai digiri 30 zuwa 45, lokacin da ya fi haɗari kuma shi ne yayin guguwar da kwana guda ko biyu bayanta, wato daidai lokacin da gari ya washe, masu wasan zamiya suke ɗokin fita su riga kowa taka sabuwar dusa. Kuma sun ƙirga sun ga cewa a cikin goma, wajen tara na waɗanda abin ya rutsa da su, su da kansu ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da zaftarewar da nauyin jikinsu.

Abin da ya kama hankalina shi ne yadda suka ɗauki abin da gaske. A garin Dabos na ƙasar Suwizalan akwai cibiya guda da aikinta ke nan, kullum cikin sanyi tana fitar da sanarwar haɗari, kuma tun 1993 ƙasashen Turai suka daidaita a kan mataki biyar, daga ƙarami zuwa mafi tsanani. Amma ka san a wane mataki aka fi mutuwa? Ba a na biyar ba, domin ranar kowa yana gida. A na uku ne, na tsakiya, ranar da mutum zai ce ai da sauƙi, jiya ma wasu sun wuce. Masu hankali a cikinsu, kafin su hau gangare sukan haƙa ɗan rami su dubi hawa-hawan da hannunsu, ba sa yarda da abin da fuskar dusar ta nuna, in za su ƙetare wuri mai shakka kuma ɗaya bayan ɗaya suke yi, saura na tsaye a wuri mai aminci suna kallo, domin in ta ɗauki guda a sami masu tono shi. Mu ba mu da cibiyar da za ta gaya mana halin gaɓar kwarin bayan gari, saboda haka kai ne cibiyar kanka, idonka da kunnenka da haƙurinka.

To ga abin da za ka duba. Kafin ka sauka kowane rami bayan ruwa, ka fara zagaya shi ta sama, ka yi baya kaɗan da baki, ka nemi tsaga a ƙasa wadda ta bi tsawon bakin, ko da siririya ce, domin ita ce shaidar cewa wannan ɓangaren ya riga ya rabu da uwarsa. Ka dubi fuskar gaɓar, in ka ga ruwa na tsattsafowa daga tsakiyarta ko daga gindi, ko wani layi mai duhu na danshi, ko gindin ya kumburo, ko ɓurɓushin ƙasa na gangarowa ba wanda ya taɓa shi, ka ɗauki digarka ka koma gida. In ka ga wani gefen kwarin ya riga ya zube da dare, wannan ita ce babbar sanarwa, domin ƙasa guda ce kuma ruwa guda suka sha. Itacen da ke baki in ya karkata, ko saiwarsa ta fito fili, ko ka ji ƙarar tsinkewar saiwa, kada ka tsaya neman dalili. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, duk da haka ka ba ta kwana guda ko biyu bayan babban ruwa, laka ma fiye da haka domin ta fi riƙe ruwa, sa'an nan in ka koma ka fara daga sama kana kwantar da bakin, kada ka shiga ƙarƙashi. Kada ka yi aiki kai kaɗai, kada kuma ku shiga duka, a bar mutum guda a sama wanda ba shi da aiki sai kallon gaɓa, a raba kuɗin da shi daidai, domin aikinsa ya fi na kowa.

Rijiyar lambu ma haka. A fadamun Korama ruwa kusa yake, shi ya sa ake haƙa su cikin rairayi ba zurfi, shi ya sa kuma suke ruftawa, musamman in an zuƙe ruwan da inji da sauri alhali gefen yana jiƙe. Wadda ba a sa mata zoben siminti ba, ba wurin shiga ba ce da damina. Kuma kada a taɓa saukar da inji mai hayaƙi cikin rijiya da mutum a ciki.

Na san kuma zuciyarka tana can wajen zinariya, ba sai ka faɗa mini ba. Tun da aka sami ta Jado a 2014 samarin ƙasar nan ba su sake zama ba, da ta ɓulla a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi kuwa, sai abin ya zo ƙofar gida. Ka tuna abin da ya faru a Garin Liman, can wajen Ɗan Isa, ranar 7 ga Nuwamba 2021, ramuka suka rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ranar ba ruwa aka yi ba, damina ta wuce, ka ga ke nan ƙasar da aka rarake ƙarƙashinta ba ta ma bukatar hadari kafin ta sauka, balle an ƙara mata da ruwa. A Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja ta Najeriya, ranar 3 ga Yuni 2024, bayan ruwa mai ƙarfi rami ya rufta da mutane da dama, aka yi kwanaki ana tono. Ba don wasa ba ne gwamnatin Mali takan dakatar da haƙar zinariya ta gargajiya daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba. In har sai ka je, ka je da rani, ka dubi wanda zai riƙe maka igiya kafin ka dubi ramin, kada ka yarda a sa ka ka sare ginshiƙin ƙasar da aka bari yana riƙe da rufin rami don an ga ƙyalli a jikinsa, in mai ramin ya ce ka sauka washegarin ruwa kuma, ka ce masa a'a cikin ladabi. Zai sami wani, na sani, amma mahaifiyarka ba za ta sami wani kai ba.

Ke kuma ƴata, na ga kina saurare daga bakin ƙofa, matso, domin rabin maganar taki ce. Ku ne kuke zuwa ɗiban yumɓu da ƙasar daɓe, sau da yawa da goyo a baya, ku ne kuma kuke kwana da yara a ɗakunan ƙasa. Duk abin da na gaya wa ɗan'uwanki game da rami ya hau kanki, kada ki zura jiki ƙarƙashin gaɓa don yumɓun ciki ya fi laushi, kada kuma ki ajiye yaro a inuwarta. Amma bari in yi miki maganar ɗaki. Ginin ƙasa ba abin raini ba ne, kakanninmu sun zauna cikinsa lafiya, ya fi kwano sanyi da bazara, ya fi shi ɗumi da hunturu, sai dai yana da sharaɗi, kansa ya kasance a rufe, ƙafarsa a bushe. Ta wurare biyu ruwa ke cinsa. Ta sama, in indararo ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan soro, ƙasar rufin ta sha ta yi nauyi a kan azarar da wataƙila gara ta riga ta cinye cikinta. Ta ƙasa kuma, in ruwa ya kwanta a gindin bango, sai tubali ya riƙa tsotsarsa yana hawa, gindin ya yi laushi alhali duk nauyin ginin a kansa yake. Shi ya sa za ki ga an ɗauke ruwa tun asuba, ɗaki ya faɗi da azahar. Da can kafin damina kowane gida sai an yi yaɓe, an gyara soro, an buɗe magudana, masu hali su sa makuba. Yanzu wasu sukan shafe bangon ƙasa da siminti su ce sun huta, alhali in simintin ya tsage ruwa yakan shiga bayansa ya kasa fita, bangon yana ruɓewa a ɓoye, fuskarsa kuwa sumul. Ga kuma cunkoso, kowa ya toshe hanyar ruwa da katangarsa ya tura wa maƙwabci.

Daminar 2024 ba ta bar mana wurin musu ba. Kusan mutum 400 suka rasu a Nijar, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu, fiye da mutum miliyan guda abin ya shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A ranar 3 ga Satumba ta wannan shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Shekara guda kafin nan, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Mika'ilu, ya rufta ana sallar la'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu, kuma mai martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana guda kafin nan, ana shirin kawo masu gyara. Ba laifin kowa nake nema ba, Allah ya gafarta wa waɗanda suka riga mu. Abin da nake so ki gani shi ne in aikin manyan gwanaye, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, zai iya sauka tsakanin ganin tsaga da zuwan mai gyara, to ɗakin da kike ciki bai fi ƙarfin haka ba. Saboda haka in kin ga sabuwar tsaga, ko tsohuwa ta ƙara buɗewa, ko ƙofa ta fara cijewa ba ta rufuwa yadda ta saba, ko danshi ya hau bango ya wuce gwiwa, ko ƙasa na zubowa daga rufi, ko kin ji azara na ƙara cikin dare, ki kwashe yara a lokacin, kada ki ce sai gari ya waye. Ki kwana a zauren maƙwabta, ko a rumfa, ko a ƙarƙashin tamfol a tsakar gida nesa da katanga. Na san akwai nauyi a ce matar aure ta buga ƙofar wani da tsakar dare, amma babu maƙwabcin kirki da zai ga laifinki, in kin fita kuma kada ki koma ɗaukar kwalla ko katifa. Mai gida in ya ce ai ɗakin nan tun na kakansa ne bai taɓa faɗuwa ba, ki ba shi girmansa, ki ce to, amma ki roƙe shi yaran su kwana waje.

In kuma, Allah ya kiyaye, abin ya riga ya faru a gabanka, ɗana, to a nan ne ake bukatar mutum mai sanyin kai. Masu duwatsun ƙanƙara sun lissafa cewa wanda aka tono cikin minti 15 na farko, wajen tara cikin goma suna rayuwa, bayan rabin awa da ɗan kai kuwa sai ka ga saura kashi guda cikin uku, ita kuwa ƙasa ta fi dusar nauyi, ta fi ta toshe numfashi, saboda haka lokacinka bai ma kai nasu ba. Waɗanda ke wurin su ne masu ceto, kafin ƴan kwana-kwana su iso an daɗe. Amma kada ka yi tsalle ka faɗa, domin gaɓar da ta zube sau guda tana da saura, kuma sau da yawa zubowa ta biyu ita ke cin masu taimako. Ka fara riƙe da ido inda ka ga mutumin a ƙarshe, ka sa alama. Ka kori taron da ke bakin rami su ja baya, a kashe duk injin da ke kusa, mutum guda ya yi waya ya ruga neman agaji, wani ya tsaya yana kallon gaɓa, wanda zai shiga a ɗaura masa igiya. A yi shiru na ɗan lokaci ko za a ji motsi. A yi tono daga gefe ana jan ƙasar baya, in an kusa jiki a ajiye diga a koma hannu da kwano, a fara buɗe fuska, a share baki da hanci, sa'an nan ƙirji. Kada a ɗaura wa wanda rabinsa ke binne igiya a ja da ƙarfi ko da mota, a tone shi har ƙafa. In ya fito ko da yana tafiya da kansa yana cewa lafiya lau, a kai shi likita, domin naman jikin da ya daɗe a danne yakan saki dafin da ke lalata ƙoda bayan sa'o'i.

Wani zai ce maka ai kome ƙaddara ne, in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, babu mai musun wannan, amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali shi ne barin sababi ba, kuma ran da ke jikinka amana ce da za a tambaye ka. Na lura ba jahilci ne ya fi tura samari cikin rami ba, yawancinku kun san abin da na faɗa. Kunya ce. Ana tsaye mutum biyar a baki, kowa zuciyarsa na ɗar-ɗar, amma ba mai son a ce shi ne matsoraci, sai ƙaramin cikinsu ya sauka don ya nuna ya isa. Sai kuma sabo, wai mun shekara muna ɗiba a nan ba abin da ya faru, alhali shekarar da kuka yi kuna ɗiba ita ce ta rarake wurin. Sai bukata, wadda ba na rainawa, domin na san akwai safiyar da in ba a fita ba ba za a ci ba, kuma a watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. A irin wannan ranar ka nemi wani aikin, ga noma na biyu ana neman hannu, ga gyaran katangu, in ya ƙi ka zo wurina, abin da ke gidan nan namu ne duka. Kai ne babba a cikin abokanka, in ka buɗe baki ka ce yau ba za mu shiga ba, za ka ga sauran sun yi ajiyar zuciya, domin dama jira suke wani ya fara faɗa.

Gobe in Allah ya kai mu, in ba a wayi gari da hadari ba, ka biyo da tsani da igiya mu duba soron kakarka, indararon gabas ya kwana biyu ba ya zubar da ruwa yadda ya kamata, kuma ina so a janye ruwan da ke kwanciya a bayan ɗakin zuwa titi. Ka zo da ƙanenka ya riƙe tsanin, amma mutum guda ne zai hau, ya bi ta kan bango, kada ya taka tsakiyar rufin. Ka gai da mahaifiyarka, ka ce mata ta hana yara zuwa bakin kududdufi har ruwan ya ja.